Wai Duk Kanwar Ja Ce?



Wata ranar Lahadi da hantsi muna zaune a teburin mai shayi kusa da tashar mota a Jugu, garin nan da ake rubutawa Djougou da Faransanci, sai ga wata tawaga ta maza da mata sun zo wucewa cikin fararen riguna har ƙasa, babu mai takalmi a cikinsu. Wani dattijo abokin mahaifina, mutumin da ya yi karatu daidai gwargwado, ya kuma je Makka sau biyu, ya bi su da kallo ya ce, "Ga mutanen Paparoma nan za su sujada." Na ce, "Baffa, ai waɗannan babu ruwansu da Paparoma. 'Yan Seles ne, wanda ya kafa cocinsu kafinta ne mutumin Porto-Novo." Ya kaɗa hannu ya ce, "Kai dai yaro, duk kanwar ja ce. Addinin Bature ne, Bature ya kawo, Bature ke juya su." Aka yi dariya, aka ci gaba da shan shayi.

Ban ja da shi ba, don ba a yi mini tarbiyyar jayayya da sa'an uba a bainar jama'a ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin na ji ta a Paraku, na ji ta a Maraɗi, na ji ta a Kano, daga bakin masu rawani da masu digiri. Ina so in faɗa a nan ba tare da kwana-kwana ba cewa wannan magana kuskure ce daga farkonta har ƙarshenta, kuma kuskure ne da ya riga ya jawo asarar rayuka.

Kafin wani ya yi mini fassara, ni Musulmi ne, jikan fataken goro da suka sauke kaya a wannan gari tun kafin Faransawa su shigo. Abin da muka yi imani da shi game da Annabi Isa (AS) yana nan inda yake, abin da su suka yi imani da shi yana nan inda yake, kuma wannan rubutu ba zai haɗa su ba. Tarihi nake magana a kai, da haƙƙin maƙwabtaka.

Mu fara da batun Bature. Kiristanci a Falasɗinu ya tsiro, a tsakanin Bani Isra'ila, daga can ya bazu zuwa Sham da Masar da gaɓar arewacin Afirka da sauran garuruwan daular Rum. Kusan shekara ɗari uku sarakunan Rum suna yi wa mabiyansa azaba lokaci bayan lokaci, sai a 313 sarki Kwanstantin ya ba su 'yancin ibada, a 380 kuma addinin ya zama na hukuma. A cikin wannan ƙarni na huɗu ne Ezana sarkin Aksum, a ƙasar Habasha, ya karɓi Kiristanci. Su kuwa Ingilishi, waɗanda muke ɗauka su ne iyayen abin, sai a 597 tawagar da Roma ta aika ta isa wurinsu. Mutanen can ƙuryar arewacin Turai sai wajen shekara ta 1000, Lituwaniya kuwa sai 1387. Ke nan baƙar fatar Habasha ya riga kakan Lugga shiga coci da shekara fiye da ɗari biyu. Malamin da cocin Turai ya fi jingina da shi a fagen aƙida, wato Agustin, wanda ya rasu a 430, ɗan ƙasar da yau ake kira Aljeriya ne. A Nubiya, cikin Sudan ta yanzu, daulolin Kirista sun yi ɗaruruwan shekaru suna mulki a bakin kogin Nilu.

Ba ma sai mun je littattafan wasu ba, Sirar da muka karanta a zaure ta ishe mu. Da azabar Ƙuraishawa ta tsananta, ina Manzon Allah (SAW) ya tura sahabbansa? Habasha, wurin Najashi, sarki Kirista. Waraƙa ɗan Naufal, ɗan'uwan Nana Khadija, Balarabe ne da ya bi addinin Nasara. Mutanen Najran da suka zo Madina suka tattauna da Annabi (SAW) Larabawa ne. Mariyatul Ƙibɗiyya, mahaifiyar Ibrahim ɗan Manzon Allah, daga cikin Kiristocin Masar ta fito. Salmanul Farisi a hannun malaman Kirista na Sham da Mausil ya yi ta zama kafin Allah ya kai shi Madina. To, wane Bature ne ya kai wa waɗannan addini? Wane jirgin ruwa ya sauke mishan a Najran?

Sai batun Paparoma, wanda Baffa ke gani kamar yana da igiya ɗaure a wuyan kowane Kirista na duniya. Ko Najashin nan da muke alfahari da adalcinsa ba ya cikin mutanen Paparoma, domin cocin Habasha a ƙarƙashin Iskandariyya yake, ita kuwa Iskandariyya ta raba hanya da Roma tun kafin a haifi Manzon Allah (SAW) da shekara fiye da ɗari.

Ga yadda abin ya faru a taƙaice. Tun farko babbar muhawararsu a kan matsayin Annabi Isa ce. A 325 aka tara manyan malamansu a Nikiya, cikin Turkiyya ta yanzu, aka yanke hukunci a kan wani malamin Iskandariyya mai suna Ariyus, wanda ya ce Isa halitta ne da ke da farko. A 431 aka sake taro a Afisa, aka tuɓe Nasɗur, shugaban cocin Ƙusɗanɗiniyya. Cocin ƙasar Farisa, wanda daga baya aka riƙa jingina shi ga sunan Nasɗur, ya kama gabansa, ya bi hanyar fatake ta gabas har ya isa Sin a 635. A 451 taron Kalsidon ya sake tsaga su, Ƙibɗawan Masar da Habashawa da Armeniyawa da wani ɓangare na mutanen Sham suka ƙi amincewa da abin da aka yanke, kuma har gobe suna nan da nasu shugabanni. Ƙibɗawa ma shugabansu Paparoma suke kiransa, amma nasu ne na Iskandariyya, ba na Roma ba.

A 1054 Roma mai ibada da Latin da Ƙusɗanɗiniyya mai ibada da Girkanci suka tsine wa juna, a kan ikon Paparoma da wasu mas'aloli na aƙida da ibada. Daga nan aka sami Katolika a yamma, Otodoks a gabas, su ne na Girka da Rasha da sauransu. Wanda ke zaton wannan saɓani na fatar baki ne, ya tuna cewa a 1204 mayaƙan gicciye na yamma, da suka fito da sunan yaƙar Musulmi, birnin Ƙusɗanɗiniyya suka faɗa wa, suka wawashe majami'un 'yan'uwansu. A 1517 wani limami Bajamushe, Martin Luta, ya tashi yana sukar yadda ake sayar wa talakawa takardun yafe zunubi. Na'urar buga littafi ta yaɗa maganarsa, wasu sarakunan Jamus da suka gaji da kai kuɗi Roma suka tsaya masa, aka haifi Furotesta. A 1534 sarkin Ingila, Henri na Takwas, ya cire ƙasarsa daga ƙarƙashin Paparoma saboda an ƙi raba aurensa, aka sami Angilikan. A 1572 aka yi wa dubban Furotesta kisan gilla a Faris da sauran garuruwan Faransa. Daga 1618 zuwa 1648 aka yi yaƙin shekara talatin da ya cinye miliyoyin mutane a ƙasar Jamus. Daga cikin Angilikan Metodis suka fito, almajiran Jon Wesli. A 1906, a birnin Los Anjeles na Amurka, wani baƙar fata ɗan 'yantattun bayi, Wiliyam Simo, ya jagoranci tarukan da suka yaɗa Fentikostal a duniya, su ne masu kiɗa da addu'ar warkarwa da kuke jin lasifikarsu da dare.

Wani zai ce to wannan ai labarin nesa ne, me ya haɗa shi da Jugu? Ai duk wannan tsagewar tana nan jere a bakin titi daga Kwatano har zuwa nan, kowace da allonta a ƙofar coci. Mu ne dai ba ma karantawa.

Mu fara da Metodis. Tomas Bach Firiman, wanda mahaifinsa baƙar fata ne, ya je Abome wurin sarki Gezo a 1843. Katolika kuwa, ƙungiyar mishan ta birnin Liyon da aka kafa a 1856 ita ta aiko limamai biyu, Borgero ɗan Italiya da Fanandez ɗan Sifaniya, suka sauka a Wida ranar 18 ga Afrilun 1861. Can ma sun tarar da Kiristoci baƙar fata, 'yantattun bayi da suka dawo daga Barazil da zuriyarsu. Arewa kuwa an daɗe ba a waiwaye ta ba. Faransawa sun kama waɗannan ƙasashe a ƙarshen ƙarni na 19, titin jirgin ƙasa ya iso Paraku a tsakiyar shekarun 1930, ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, da yawansu Kiristoci. Duk da haka sai a 1948 Katolika suka ware wa Paraku yankinta na mishan, shekara 87 ke nan bayan saukar Wida. A 1964 Paraku da Natitingu suka sami matsayin cikakken yankin bishof, Jugu kuwa sai a 1995 aka yanke ta daga Natitingu, aka naɗa mata bishof na farko, Pol Viyera, wanda ya rasu a 2019. Kusa da Paraku akwai gidan mata masu zaman zuhudu da aka kafa a 1960, suna noma suna addu'a, babu ruwansu da wa'azin kasuwa.

Furotestan arewa kuma ta wasu ƙofofin suka shigo. Mishan ɗin SIM, wanda ya fara a Nijeriya a 1893, wanda ya haifi ECWA, shi ya tsallako arewacin Dahome a 1946, kuma shi ya kafa asibitin Bembereke da Musulmi da yawa suka kwanta a gadonsa. 'Yan Assemblies of God, waɗanda Fentikostal ne, ta ɓangaren ƙasar da yau ake kira Burkina Faso suka gangaro. Yawancin waɗanda suka bi su a nan arewa daga masu addinin gargajiya suka fito, ko kuma baƙi ne daga kudu. Unguwannin Musulmi na Jugu da Paraku suna nan yadda aka san su, kuma duk wanda ya zauna a garin ya san haka.

Su kuwa masu fararen rigunan da suka wuce mu, labarinsu ya fi kowanne rusa maganar Baffa. Samuwel Oshofa kafinta ne da ya tashi a gidan Metodis a Porto-Novo. A 1947 ya ce an yi masa wahayi a daji, ranar 29 ga Satumba na wannan shekara ya kafa cocin Seles. Babu Bature ko ɗaya a tushen abin. Ba sa shiga wurin ibada da takalmi, sun haramta wa kansu giya da taba da naman alade. Katolika da sauran Furotesta sun daɗe suna yi musu kallon masu gauraya addini da al'ada. Da gwamnatin Kereku mai aƙidar gurguzu ta matsa musu, Oshofa ya koma Nijeriya a 1976, ya rasu a Legas a 1985 bayan haɗarin mota, aka binne shi a Imeko. Bayan rasuwarsa cocin ya dare, wasu suka bi Bada a Nijeriya, wasu suka bi Agbawosi a Porto-Novo, aka yi ta shari'a a kotu. Metodis na Benin su ma sun rabe gida biyu a ƙarshen shekarun 1990, sai da Patiris Talon ya hau mulki a 2016 ya shiga tsakani aka sasanta su.

Ƙidayar jama'a ta 2013 ta nuna Musulmi kashi 27.7 cikin ɗari ne a Benin, Katolika 25.5, 'yan Seles 6.7, Metodis 3.4, Kiristoci duka-duka kimanin 48.5. Ku dubi wannan lissafi da kyau. Cocin da kafinta ɗan ƙasa ya kafa a 1947 ya kusa ninka cocin da ya zo daga Ingila tun 1843. Idan kuma ana maganar wane ke juya wane, Banadin Gantin, wanda filin jirgin saman Kwatano ke ɗauke da sunansa, ya yi shekaru yana shugabantar ofishin da ke tace sunayen waɗanda za a naɗa bishof a Turai da Amurka, ya kuma zama shugaban majalisar kadinal-kadinal a Roma daga 1993 zuwa 2002. Ɗan Dahome ne ke duba takardun Turawa.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan kauce masa ba. Za a ce mishan da mulkin mallaka tare suka zo. Akwai gaskiya a ciki. Makarantar mishan ita ta samar wa Bature akawu da tafinta, kuma limamai da yawa sun yi wa addininmu da al'adunmu kallon raini, sun rubuta hakan da hannunsu. Alhaji Umaru na Salaga, Bakanon da ya ga zuwan Nasara da idonsa, ya yi waƙa a kan abin da ya gani, kuma ba yabo ya yi ba. Amma ko a nan labarin ba miƙaƙƙe ba ne. Da tawagar Bishof Tugwel ta isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki, kuma bayan Ingilishi sun ci ƙasar su da kansu suka daɗe suna hana mishan shiga biranen sarakunan Musulmi. Ita kuwa Faransar da ta mallake mu, a 1905 ta raba gwamnati da coci bayan doguwar rigima da limaman Katolika. Sannan ko da a ce Bature ne ya kawo, ya tafi tun 1960. Matar da ke sayar da doya kusa da ɗiyarka a kasuwar Jugu, wadda kakanta ya yi baftisma a wani ƙauyen Lokpa, wace ƙasa ta mallaka? Mu ma ai wani ne ya kawo mana Musulunci, Wangarawa da Larabawa da malaman Borno, kuma babu wanda ya isa ya ce mana addinin baƙi muke yi.

Yanzu ga inda abin ya daina zama hirar mai shayi. A watan Janairun 2015 wata jaridar Faransa, Charlie Hebdo, ta sake buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW). Babu Musulmin da abin bai sosa wa rai ba. Amma su wane ne masu jaridar? Mutane ne da ba su yarda da kowane addini ba, sun sha yi wa Annabi Isa da Nana Maryamu da Paparoma irin wannan wulaƙanci. A cikin makon ma Paparoma Faransis ya fito ya ce bai halatta a zagi addinin wasu ba. Duk da haka ranar 16 ga wata a Damagaram, washegari kuma a Yamai, majami'u aka bi ana cinna wa wuta. Mutum goma suka mutu a garuruwan biyu, a Yamai kaɗai hukuma ta ƙirga coci 45 da aka ƙone. Waɗanda aka ƙone wa wuraren ibada 'yan ƙasa ne da baƙi daga maƙwabta, ciki har da mutanen Benin da Togo, wasunsu ma da Hausa suke sujada. Me ya haɗa su da masu zane a Faris? Babu komai sai wannan lissafi na Baffa, cewa Bature Kirista ne, Kirista kuwa duk ɗaya ne, saboda haka wanda hannu ya kai gare shi shi zai biya. Dattijo ya faɗe ta yana dariya a kan benci, yaro ya ɗauke ta ya tafi da galan ɗin fetur.

Mu a arewacin Benin ba mu da damar yin sakaci da wannan. Tun ƙarshen 2021 masu ɗauke da makamai ke kai hare-hare a Alibori da Atakora, kuma irin waɗannan mutane abin da suke nema shi ne garin da maƙwabci bai san maƙwabcinsa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙasar nan ta taɓa cin moriyar akasin haka. A Fabrairun 1990, da mulkin Kereku ya kai gargara, wani limamin Katolika, Isidor da Suza, aka ɗora a kan kujerar taron ƙasa, Musulmi da Kirista da masu Vodun suka amince da shi, aka sauya mulki ba a zubar da jini ba. A Fabrairun 1993 Paparoma Jon Pol na Biyu ya zo har Paraku ya zauna da wakilan Musulmi. Yayi Boni, wanda ya mulki ƙasar daga 2006 zuwa 2016, a gidan Musulmi aka haife shi a Cawuru, ya zama Kirista daga baya. A nan gidaje nawa ne za ka tarar da liman da ɗan coci sun haɗa kaka?

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne su sun karance mu, mu ba mu karance su ba. Wani mishan Bajamushe mai suna Shon ya buga nahawun Hausa a 1862, ya buga ƙamus a 1876, da taimakon Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram da aka tafi da shi Turai. A 1932 aka fitar da Littafinsu cikakke da Hausa. Tun 2008 gidan rediyon Trans World Radio ke da tasha mai ƙarfi kusa da Paraku, tana wa'azi da harsuna da dama har da namu. Malamansu sun san bambancin Baƙadire da Batijjane da ɗan Izala da ɗan Shi'a, sun san wa ke ƙabalu wa ke sadalu. Mu kuwa mai digiri a cikinmu bai san fada ba ya aure fasto yana yi ba. Sai mu zauna muna cewa makirci ake ƙulla mana, alhali ko sunan wanda muke zargi ba mu iya faɗa daidai ba.

Masu cewa karanta tarihin coci zai raunana imani, ina tambayarsu, sun fi Ibnu Hazmin Andalus kishin addini ne? Sun fi Shaharastani, mai Al-Milal wan Nihal? Waɗannan malamai sun zauna sun rarrabe Malkaniyya da Nasɗuriyya da Ya'aƙubiyya, kowace ƙungiya da abin da take cewa game da Annabi Isa, kafin su yi raddi. Ba su ce duk kanwar ja ce ba, domin sun san raddin da aka gina a kan jahiltar abokin muhawara abin dariya ne a wurinsa. Kakanninmu fatake ma haka suke. Sun bi hanyar Gwanja daga Kano da Sakkwato, ta Borgu, su yada zango a unguwar Wangara ta Jugu, gefe guda ga fadar Kilir inda sarauta ke tafiya da al'adun gargajiya, su wuce har Salaga. Madugun da bai san al'adar Bargawa dabam da ta Dagomba ba ayarinsa ba ya kaiwa. Wanda kuma bai iya rarrabe daushe da sabon goro, ko goron kirki da hannun ruwa ba, jarinsa a hanya yake ƙarewa. Jikokinsu ne yau ke kallon kusan rabin mutanen ƙasa suna cewa ai duk goro goro ne.

Akwai kuma masu jin daɗin wannan tarihi ta wata fuskar, suna cewa ka gani, rarrabuwarsu ita ce shaidar ɓatansu. A yi hattara da wannan hujja, domin wuƙa ce mai baki biyu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shekara 25 kacal bayan wafatin Manzon Allah (SAW) aka yi Siffin. A ƙasar Hausa an yi zamanin da Ƙadirawa da Tijjanawa ba sa ga maciji, an yi rigimar ƙabalu da sadalu har da duka a masallaci. Izala da aka kafa a Jos a 1978 ba ta cika shekara goma sha biyar ba ta rabe, Jos da Kaduna. A garuruwanmu na nan masallatan Juma'a nawa aka gina don an ƙi bin wani liman? Idan ka duba abin da ya raba coci, za ka ga aƙida, amma za ka ga harshe da sarauta da kuɗi da rigimar gado bayan rasuwar shugaba. Wanne ne a ciki baƙo a wurinmu? Tarihinsu gargaɗi ne gare mu. Mutanen da suka yi shekara talatin suna yanka juna a kan wane ne mai bin Isa na gaskiya sun bar mana darasi kyauta. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Maƙwabtanmu Kiristoci masu jin Hausa, ku ma ban ƙyale ku ba. Cutar nan ba a gidanmu kaɗai take ba. Akwai fastocin da a bakinsu kowane Musulmi ɗan ta'adda ne, kowane Bafulatani mai bindiga ne, alhali waɗanda 'yan bindigar suka fi kashewa a yankin nan Musulmi ne. Akwai masu zuwa ƙauye da buhun shinkafa a hannu ɗaya, Linjila a ɗaya hannun, suna farautar yunwar mutane. Akwai masu juya lasifika ta fuskanci masallaci da gangan. Wanda ke so a rarrabe masa Katolika da Seles, shi ma sai ya koyi rarrabe malamin zaure da mai ɗaure bam.

Abin da nake nema a wurin marubutanmu kaɗan ne. Mun cika kasuwa da littattafan soyayya da na raddi a kan junanmu. A samu mutum biyu ko uku su zauna su rubuta mana tarihin addinan maƙwabtanmu da Hausa mai kyau, da adalci irin na malaman da, ba zagi ba kuma fadanci. Malaman Islamiyya in sun zo kan hijirar Habasha su ƙara wa yara jimla biyu, su gaya musu wane irin Kirista ne Najashi, kuma cocin ƙasarsa yana nan har yau. Kai kuma mai karatu, kana da abokin aiki ko ɗan zem da ke kai ka kasuwa wanda Kirista ne, ka taɓa tambayarsa wane coci yake zuwa, me ya raba su da na tsallaken titi? Tambayar ba ta karya alwala.

Bayan kwana biyu na je gidan Baffa da daddare, daga ni sai shi, na durƙusa na gaishe shi, na kawo masa labarin Najashi da Kalsidon da kafintan Porto-Novo. Ya yi shiru yana jan carbi. Can ya ce, "Yanzu kana nufin sarkin da ya ba sahabbai mafaka shi ma Paparoma bai yarda da aƙidar cocinsa ba?" Na ce haka tarihi ya nuna, Baffa. Ya ce, "Ikon Allah. To, mu ba a gaya mana ba." Bai ce ya janye maganarsa ba, ni ma ban nemi ya janye ba. Amma wannan "ba a gaya mana ba" laifin masu alƙalami ne, ni da ku.

Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Wassalam.